"A", "an" da "the": yaushe ake sa su, yaushe ake barin su?

Wata ɗaliba ce ta aiko da tambaya. Ta ce tana jin Turanci, tana kuma magana da shi ba laifi, amma duk sanda ta miƙa rubutu sai ya dawo mata da jan biro ta ko'ina, kuma yawancin gyaran a kan ƙananan kalmomin nan uku ne da ake kira atikil: "a", "an" da "the". Wani wurin a ce ta sa inda bai kamata ba, wani wurin a ce ta tsallake. Ta haɗo da jimloli biyu da aka ja mata layi a ƙarƙashinsu: "I need an advice" da "The education is important". Tambayarta ita ce, shin akwai ƙa'ida, ko kuwa hadda ake yi?

Ƙanwata, akwai ƙa'ida. Haddar ma tana nan, amma a gefe take, wajen sunayen wurare da wasu 'yan maganganu da suka daskare. Kuma kada ki raina damuwarki, domin abin da ya dame ki ba ƙarami ba ne. A shekarun 1960 wasu masana a Jami'ar Brown ta Amurka sun tara kalmomi kusan miliyan ɗaya daga rubuce-rubucen da aka buga a 1961, suka ƙirga su. "The" ce ta zo ta ɗaya, da kusan kashi 7 cikin 100, wato kusan kalma ɗaya a cikin kowace 14. "A" kuma ta zo ta biyar. Wanda bai kama waɗannan kalmomi ba, kusan kowane layi na rubutunsa zai tona shi.

Abin da nake so ki fara riƙewa shi ne, atikil ba bayanin abu yake yi ba. Saƙo ne zuwa ga mai sauraronki game da abin da ya sani. Idan kika ce "the", kina gaya masa cewa ya san wanda kike nufi, ko kuma zai iya gane shi nan take. Idan kika ce "a" ko "an", kina gaya masa cewa guda ne daga cikin irinsa, bai san shi ba tukuna, ko kuma ko wanne ne ba kome. Shi ya sa mota ɗaya tak za ta iya zama "a car" a jimlar farko, ta koma "the car" a ta biyu. Motar ba ta sauya ba, abin da mai sauraro ya sani ne ya sauya.

Wannan ba baƙon abu ba ne a kunnen mai jin Hausa. Ki duba: "Na ga wani yaro a bakin hanya. Yaron yana kuka." Da farko kin kawo shi da "wani", sannan kika ɗaura masa "-n" don ki nuna shi dai wancan ne da kika ambata. Masu nahawun Hausa suna kiran "wani", "wata" da "wasu" mafayyaci, suna kiran "-n", "-r" da "ɗin" madanganci. Turancin jimlar kuwa shi ne "I saw a boy by the road. The boy was crying." Kin ga ashe kina da rabin abin a bakinki tun kina ƙarama. Mai jin Rashanci ko Sinanci ba shi da wannan gatan, domin harsunansu ba su da atikil sam. Matsalar ita ce Hausa da Turanci sun yi tafiya tare zuwa wani wuri ne kawai, daga nan suka raba hanya, kuma a mararrabar ne jan biron yake jiran ki.

Rabuwar farko, wadda ta fi kowace kayar da mutane: Hausa tana barin suna ya tsaya tsirara, Turanci ba ya bari idan sunan tilo ne kuma abin yana ƙirguwa. Muna cewa "Shi likita ne", "Ina da mota", "Ba ni biro", ba tare da wani "wani" ba. A Turanci dole a ce "He is a doctor", "I have a car", "Give me a pen". Idan kika rubuta "He is doctor", duk mai harshen zai ji an bar giɓi. Don haka ki mai da wannan doka ta farko wajen duba rubutunki: duk sunan tilo da za ki iya cewa ɗaya, biyu, uku a kansa, sai an sami wata kalma a gabansa. Ko dai "a", ko "the", ko ɗaya daga cikin 'yan'uwansu irin "my", "this", "that", "each", "every", "no". Waɗannan duk kujera ɗaya suke zama, shi ya sa biyu ba sa haɗuwa. Ba a cewa "the my book" ko "a my friend". Hausa takan ce "littafin nan nawa" hankali kwance, amma Turanci sai ya zagaya ya ce "this book of mine", ko "a friend of mine" idan ana nufin wani abokina. Ki kuma lura cewa ba kowane "wani" ne "a" ba. Idan kika ce "Wannan biron ba ya rubutu, ba ni wani", abin da kike nufi "another" ne.

Rabuwa ta biyu: Turanci yana sa "the" ko da ba a taɓa ambaton abin ba, muddin mai sauraro zai gane shi. Mu mukan ce "Rana ta fito", "Rufe ƙofa", "Kashe fitila". Su kuwa sai "The sun has risen", "Close the door", "Turn off the light". Rana ɗaya ce ga kowa, ƙofar kuma ta ɗakin da kuke ciki ce, babu buƙatar tambayar wacce. Haka idan wani abu ya jawo wani: "I bought a phone, but the screen is cracked." Ba a yi maganar gilashi a baya ba, amma da aka ce waya an san tana da gilashi guda. Haka kuma idan bayanin da ke biye da sunan ne ya ware shi: "the man who called you", "the capital of France", "the end of the road". Wannan dalilin ne dai ya sa ake cewa "the best", "the first", "the last", "the only", "the same". Na farko ɗaya ne, mafi kyau ɗaya ne, babu ruɗani a kan wanda ake nufi. Ba sai kin haddace su a matsayin dokoki daban ba.

Gwajin da nake koya wa ɗalibai mai sauƙi ne. Ki faɗi sunan, sannan ki ɗauka mai sauraronki ya tambaye ki: wanne? Idan tambayar tasa tana da ma'ana, domin da gaske bai sani ba, "a" kike buƙata. Idan kuwa za ki ce masa "haba, ai ka sani", to "the" ce.

Yanzu mu koma kan jimlarki ta farko, "I need an advice". Tarihin kalmar zai warware miki ita. A tsohon Turanci, shekaru dubu da suka wuce, kalmar "ān" tana nufin ɗaya. Daga ita "one" ta fito, daga ita kuma "an" da "a" suka fito. Ita "the" kuwa daga dangin "that" ta fito, wato kalmar nuni. Har gobe kowace tana ɗauke da jinin gidansu: "the" tana nuni, "a" tana ƙirga. Tunda "a" ɗaya take nufi, ba za ta zauna gaban jam'i ba, kuma ba za ta zauna gaban abin da Turanci bai yarda a ƙirga shi ba. Ruwa, yashi, iska, waɗannan ba su da wuya, hankali ma zai ba ki. Masu wuyar su ne waɗanda mu muke ƙirgawa amma Turanci ya ƙi. Muna cewa shawara da shawarwari, labari da labarai, bayani da bayanai, hujja da hujjoji. A Turanci "advice", "news", "information" da "evidence" duk kamar ruwa aka ɗauke su. Haka "furniture", "luggage", "equipment", "homework", "progress", "knowledge". Ba sa karɓar "a", ba sa karɓar "s" ta jam'i. Daidai shi ne "I need advice" ko "I need some advice". Idan lallai guda ɗaya kike son ki nuna, sai ki aro ma'auni: "a piece of advice", "an item of news", "a piece of furniture". Ita "news" ma, duk da "s" ɗin da ke ƙarshenta, tilo ake ɗaukarta: "The news is good."

A nan ne na fi son ki daɗe, domin akwai kalmomi masu fuska biyu, kuma atikil ne kaɗai ke nuna wadda suka juyo da ita. "Paper" takarda ce a matsayin abin da ake rubutu a kai, "a paper" kuwa jarida ce ko maƙala. "Glass" gilashi ne, "a glass" kofin gilashi ne. "Room" sarari ne, kamar a ce "There is no room in the car", babu wuri a motar, amma "a room" ɗaki ne. "Experience" ƙwarewa ce, "an experience" wani abu ne da ya taɓa faruwa da mutum. Mai neman aiki da ya rubuta "I have an experience in teaching" ya rage wa kansa daraja bai sani ba, domin abin da yake nufi shi ne "I have experience in teaching". "Work" aiki ne gaba ɗaya, kuma ba a cewa "I am looking for a work", sai dai "a job". "Hair" gashin kai ne duka, "a hair" sili ɗaya ne. Ƙamus na masu koyon Turanci, irin na Oxford da Cambridge da Longman, suna sa harafin C a gaban ma'anar da ke ƙirguwa, da harafin U a gaban wadda ba ta ƙirguwa. Mutane da yawa suna shekaru da ƙamus ba su taɓa kula da waɗannan haruffa biyu ba, alhali amsar rabin tambayoyinsu na atikil tana nan.

Misali mafi shahara na wannan shi ne maganar Neil Armstrong lokacin da ya taka duniyar wata a watan Yulin 1969. Abin da aka ji shi ne "That's one small step for man, one giant leap for mankind." Daga baya ya bayyana cewa "a man" ya yi nufin faɗa. Da "a", ma'anar ita ce taku ƙarami ga mutum guda, babban tsalle ga bil'adama. Babu "a" kuwa, "man" ita ma bil'adama take nufi, sai ɓangarorin jimlar biyu suka zama suna magana a kan abu ɗaya.

Jimlarki ta biyu, "The education is important", ita ma an sa atikil ne inda ba a buƙatarsa. Idan ana maganar abu gaba ɗayansa, ilimi a matsayin ilimi, Turanci ba ya sa komai: "Education is important", "Life is short", "Patience is a virtue", "Children need sleep". Da zarar kin sa "the", mai karatu zai fara neman wane ilimin kike nufi. Amma ki ware shi, "the" ta dawo: "The education I received was good." Wanda ya yi karatun Larabci ya yi hattara a nan, domin Larabci yana sa "al" a irin wannan wuri, ya ce "al-ilmu", "as-sabru", sai hannu ya saba ya kai wa "the". Faransanci ma haka yake yi da "le" da "la". Turanci bai bi su ba. Idan kuma abin yana ƙirguwa kuma kina son ki yi magana a kan jinsin duka, hanyoyi uku ne: "Camels can go for days without water", ko "The camel can go", ko "A camel can go". Duka daidai ne, amma ta biyu ta fi zama a rubutun kimiyya da maganar ƙirƙire-ƙirƙire, kamar "the telephone" da "the computer", ta uku kuma tana da wuraren da ba ta shiga. Shawarata ki riƙe ta farko, jam'i ba tare da atikil ba, ita ce ba ta cika ba da kunya ba. Akwai kuma "the" da ake sa wa sifa don a nufi rukunin mutane, "the rich", "the poor", "the elderly", kuma jam'i ne: "The poor are suffering."

Bambancin "a" da "an" ba ya buƙatar dogon bayani: kunne ake bi, ba ido ba. Idan kalmar da ke biye ta fara da sautin wasali, "an", idan da sautin baƙi, "a". Shi ya sa ake cewa "an hour" da "an honest man", domin ba a furta "h" ɗin, amma "a university" da "a European", domin da sautin "y" suka fara, da "a one-year course", domin da sautin "w" ta fara. Haka taƙaitattun sunaye: "an MP", "an FM station", saboda "em" da "ef" ake furtawa, amma "a UN report". Kuma kalmar da ke manne da atikil ɗin ake dubawa, ba sunan ba: "an egg" amma "a big egg". Wannan "n" ta daɗe tana rikita masu harshen kansu. Kalmar "apron" asalinta "napron" ce, aka yi ta jin "a napron" kamar "an apron" har "n" ɗin ta ƙaura. "Nickname" kuma akasin haka ta yi, daga "an ekename". Mu ma mun yi irin wannan da "al" ta Larabci, muka haɗiye ta cikin alƙalami da alƙali, har da labari da littafi, sannan muka sake ɗaura musu namu madangancin muka ce "alƙalamin".

Sai wuraren da ake zuwa don wata manufa. "She goes to school" na nufin ɗaliba ce. "Her father went to the school" na nufin ginin ya je, wataƙila don ganin shugaban makaranta. "He is in prison" ɗaurarre ne, "He went to the prison" ziyara ko aiki ya kai shi. Haka "go to bed", "at work", "at home", "by bus", "on foot". Wajen asibiti Ingila da Amurka sun saɓa: mutumin Ingila zai ce majiyyaci yana "in hospital", Ba'amurke ya ce "in the hospital". Kowanne daidai ne, ki dai zaɓi ɗaya ki tsaya a kai.

Ga inda haddar take, wato sunayen wurare. Asali sunan mutum, gari, ƙasa ko nahiya ba ya karɓar atikil: "Egypt", "London", "Africa". Amma ƙasar da sunanta jam'i ne, ko yake ɗauke da kalma irin "kingdom", "republic", "states", tana karɓa: "the Netherlands", "the Philippines", "the United States", "the United Kingdom". Gambiya da Bahamas sun sa "The" a cikin sunansu na hukuma. Yukiren kuwa an daɗe ana ce mata "the Ukraine", amma bayan ta sami 'yanci a 1991 aka bar wannan, domin yana sa a ji ta kamar yanki ba ƙasa ba. Koguna, tekuna, hamada da jerin duwatsu suna ɗaukar "the": "the Nile", "the Red Sea", "the Atlantic", "the Sahara", "the Alps". Tafki da dutse guda ba sa ɗauka: "Lake Victoria", "Mount Everest". Don haka "Niger" ƙasa ce, "the Niger" kogi ne. Sunan da ke da "of" a tsakiya yakan ja "the", shi ya sa jami'a ɗaya take da "Oxford University" da "the University of Oxford". Taƙaitaccen sunan da ake furta shi harafi-harafi yawanci yana ɗauka, "the UN", "the BBC", "the EU", wanda kuma ake furtawa kamar kalma ba ya ɗauka, "NATO", "UNESCO", "FIFA". Na ce yawanci, domin CNN ba ta ɗauka. Harshe ba ya ɗauka: "English" Turanci ne, "the English" mutanen Ingila ne. Muƙami idan ya manne da suna ba ya ɗauka, "President Obama", amma shi kaɗai "the president".

Akwai 'yan wurare da ƙaramar kalmar ke juya ma'ana gaba ɗaya. "I have a few friends" godiya ce, ina da 'yan abokai. "I have few friends" kuka ne, kusan ba ni da kowa. Haka "a little hope" da "little hope". "Last week" makon jiya ne, "the last week of the year" makon ƙarshe ne. "A number of students are absent" na nufin ɗalibai da dama, "The number of students is rising" na nufin adadinsu.

Kada ki ɗauka wannan fitinar 'yan jarrabawa ce kawai. Ranar 22 ga Nuwamba 1967 Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙuduri mai lamba 242, bayan yaƙin kwana shida tsakanin Isra'ila da ƙasashen Larabawa. Rubutun Turancin ya nemi Isra'ila ta janye sojojinta "from territories occupied in the recent conflict", babu "the" kafin "territories". Na Faransancin kuwa ya ce "des territoires occupés", wanda ake iya fahimta da "the". Masu goyon bayan matsayin Isra'ila suka ce rashin "the" na nufin ba lallai duka yankunan ba, ƙasashen Larabawa suka ce duka ake nufi, suna kafa hujja da rubutun Faransancin da kuma gabatarwar ƙudurin, wadda ta ce ba a yarda a mallaki ƙasa ta hanyar yaƙi ba. An shafe shekaru fiye da 50 ana wannan jayayya.

Game da yadda za ki gyara hannunki, abu ɗaya zan gargaɗe ki a kai: kanun labarai. Jaridun Turanci suna zubar da atikil a kanu don tsimin wuri, su rubuta "President meets minister over strike". Wanda karatunsa ya tsaya a kanu da gajerun saƙonnin waya, kunnensa zai saba da Turancin da aka yi wa aski. Ki riƙa shiga cikin labarin, a nan za ki tarar da jimlar cikakkiya: "The president met the minister over the strike." Ki ɗauki sakin layi guda daga rubutu mai kyau, ki kwafe shi kina barin giɓi a gaban kowane suna, ki ajiye shi kwana biyu, sannan ki cike giɓin ki gwada da na asali. Duk inda kuka saɓa, ki tsaya ki tambayi kanki ko abin yana ƙirguwa, sannan ko mai karatu ya san wanne ne. Naki rubutun kuma, idan kin gama shi, ki sake bin sa sau ɗaya ba don ma'ana ba, sunaye kawai za ki bi ɗaya bayan ɗaya, ki fara da tilon da ya tsaya ba kowa a gabansa.